Hanyoyin Tattaki Masu Sauƙi a Bakin Rafuka da Madatsun Ruwa na Yankin Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Jihar Katsina ba ta da gaɓar teku, domin tsakanin garin Funtua da teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 600. Duk da haka Allah ya albarkaci kudancin jihar da rafuka da fadamu da madatsun ruwa, waɗanda bakinsu ya dace da tafiyar ƙasa ta shan iska da motsa jiki. Wannan shafi yana bayani ne a kan irin waɗannan wurare da ke yankin Funtua da Malumfashi, da lokacin da ya fi dacewa a je su, da kuma abubuwan da ya wajaba maziyarci ya kiyaye domin ya je lafiya ya dawo lafiya.

Yana da kyau mai karatu ya sani tun farko cewa hanyoyin da ake magana a kansu ba hanyoyi ne da aka shata musamman domin 'yan yawon buɗe ido ba. Turbobi ne da ƙafar manoma da masunta da makiyaya ta fitar shekara da shekaru, kuma har gobe su ne masu su. Saboda haka duk wanda ya bi su baƙo ne a wurin neman abincin wasu, kuma da wannan fahimta ya kamata ya fita daga gida.

Yanayin Ƙasar Yankin

An ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma tana da ƙananan hukumomi 34. Daga cikinsu 11 ne ke shiyyar Funtua, wato Funtua da Bakori da Ɗanja da Dandume da Faskari da Sabuwa da Ƙafur da Malumfashi da Ƙanƙara da Musawa da Matazu. Wannan shiyya ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, domin abin da ke sauka a kewayen Funtua yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Shi ya sa ta zama rumbun masara da dawa da auduga da waken suya na jihar.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan hawa da gangara a hankali, sai duwatsu jefi-jefi da suka tsaya su kaɗai a fili, kamar waɗanda ke cikin garin Funtua da kewayensa. Tsakanin tudu da tudu akwai kwari, kuma a cikin kwarin ne rafi ke bi, fadama na gefensa. Wanda ya bi bakin rafi ba zai gamu da hawa mai wahala ba, sai dai yashi ko laka gwargwadon lokacin da ya je. Wannan ne ya sa tattakin bakin ruwa a nan ya dace da dattawa da yara da waɗanda ba su saba da doguwar tafiya ba.

Mararrabar Koguna

Abin da ya bambanta wannan yanki da sauran sassan jihar shi ne kasancewarsa mafarin koguna da dama. Ruwan saman da ya sauka a nan yakan rabu ya kama hanyoyi uku.

Na farko, Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga kusa da Funtua. Daga nan ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara, sannan ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato kafin ya faɗa Kogin Kwara. Gagare da Bunsuru da Karaduwa su ma sun nufi wannan ɓangare, kuma a kan Karaduwa ne aka gina madatsar Zoɓe ta Dutsin-Ma.

Na biyu, ruwan da ya gangara kudu yana shiga Tubo da Galma, waɗanda ke zuba a Kogin Kaduna, shi kuma ya kai shi Kwara ta ƙasar Nufe.

Na uku, ruwan da ya gangara gabas yana shiga Kogin Challawa, ya wuce madatsar Challawa da aka kammala a 1992 a yankin Ƙaraye ta Jihar Kano, ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Ma'anar wannan ita ce, gonaki biyu da ke kusa da juna a wannan yanki, ruwan ɗaya na iya ƙarewa a Tekun Atilantika, na ɗayan kuma a Tafkin Chadi. Har ila yau, da yake nan ne mafari, rafukan ƙanana ne, ba su da faɗi ko zurfi irin na manyan koguna. Yawancinsu sukan ɗauke da rani, su bar farin yashi da 'yan gurabun ruwa nan da can.

Ire-iren Hanyoyin Tattaki

1. Bakin madatsun ruwa. Waɗannan su ne suka fi kama da gaɓar teku, domin ruwa ne shimfiɗe da iska mai sanyi da jiragen masunta. A kewayen Funtua akwai madatsar Mairuwa, wadda ke kan hanyar Funtua zuwa Gusau kuma ta daɗe tana ba garin ruwan sha, da madatsar Gwaigwaye wadda ake amfani da ita wajen ruwan sha da noman rani da kamun kifi. A Malumfashi ma akwai madatsar da ke shayar da garin. Bayan waɗannan akwai ƙananan madatsun ƙasa a ƙauyuka, waɗanda wasu daga cikinsu an gina su ne a ƙarƙashin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da aka fara a tsakiyar shekarun 1970 tare da tallafin Bankin Duniya. Idan ruwa ya fara ja da baya bayan kaka, yakan bar fili mai tauri a gefensa wanda ake tafiya a kai ba tare da wahala ba. Sai dai bangon madatsa da wurin tace ruwa kayan hukuma ne, ba a hawa ko shiga sai da izinin ma'aikatan da ke kula da wurin.

2. Turbobin fadama. Fadama ita ce ƙasar kwari mai riƙe damshi bayan damina ta wuce, kuma sunan ya shahara har Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya suka raɗa shi ga shirinsu na noman rani da aka fara a farkon shekarun 1990. Daga watan Nuwamba zuwa Maris fadamun Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi sukan yi kore shar da tumatir da albasa da tattasai da attaruhu da alkama da rake, alhali tudu ya bushe ƙayau. Ɗanja musamman ta yi suna wajen tumatir da rake. Tsakanin lambu da lambu akwai 'yar siririyar hanya da masu lambu ke bi, kuma ita ce hanyar mai tattaki. A nan zai ga yadda injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, da yadda ake kora ruwa daga fangali zuwa fangali, wani wurin kuma ya tarar ana matse rake ana dafa mazarƙwaila.

3. Gaɓar rafi da cikin yashi. Da rani ana iya bin gaɓar rafi, ko ma a sauka a bi cikinsa inda ya ƙafe. Wannan hanya ta fi sauran inuwa, saboda manyan itatuwa sun fi yawa a bakin rafi. Tafiya a kan yashi ta fi ta kan tudu gajiyarwa, don haka mai ciwon gwiwa gara ya tsaya a kan gaɓa.

4. Daga gari zuwa rafinsa. Tsofaffin garuruwan yankin kusan duk an kafa su ne kusa da ruwa, don haka ana iya haɗa tattaki da ziyarar tarihi. Misali shi ne Maska da ke Ƙaramar Hukumar Funtua, tsohon gari da ya yi suna a saƙa da rini. A zamanin mulkin Turawa aka mayar da mazaunin hakimi zuwa Funtua, wadda ta bunƙasa da cinikin auduga da zuwan layin dogo da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan ne dalilin da ya sa hakimin Funtua ke riƙe da sarautar Sarkin Maskan Katsina. Haka nan Gozaki da ke Ƙaramar Hukumar Ƙafur tsohon gari ne mai tarihi a ƙasar Katsina. Malumfashi kuwa ita ce mazaunin Galadiman Katsina. Tsakaninta da Funtua kimanin kilomita 50 ne a kan titin da ya bi ta Bakori.

Lokacin da Ya Fi Dacewa

Kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce lokacin da ƙasa ta fi kyan gani. Madatsu sun cika, rafuka na gudu a hankali, ana girbin masara ana shirin tsinkar auduga. Amma ciyawa tana da tsawo, macizai kuma suna yawo, sai a tsaya kan turba.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi sauƙi. Babu ruwan sama, babu zafi mai tsanani, hanyoyi sun bushe, lambuna sun nuna. Matsalarsa ita ce ƙura da sanyin safiya, don haka masu asma da tsofaffi su bari rana ta ɗan ɗaga, su kuma rufe hanci.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan tsananta ƙwarai. Wanda zai fita ya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin hantsi, ko kuma ya bari sai bayan la'asar.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba lokacin bin cikin rafi ba ne. Rafin da ke bushe da safe yana iya kawowa cikin ɗan lokaci saboda ruwan da aka yi a wani wuri can sama, ko da a inda mutum yake ba a yi ko ɗigo ba. Ƙasar fadama kuma takan yi santsi da laka. A wannan lokaci hanyoyin tudu da ke hangen ruwa daga nesa su ne suka dace.

Tsawon Tafiya da Guzuri

Babban mutum mai lafiya yakan yi kilomita 4 zuwa 5 a cikin awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ga mai farawa, ya isa ya yi tafiyar minti 30 ya juyo ta hanyar da ya bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda ke nufin tafiyar minti 30 sau biyar ta wadatar. Masu hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya su nemi shawarar likita kafin su fara, su kuma tuna cewa sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan da ake buƙata ba su da yawa: rufaffen takalmi, da malafa ko hula, da gorar ruwan sha daga gida, da sanda, da wayar hannu mai caji, da katin shaida. Silifa bai dace ba saboda ƙaya da kututturen kara da macizai.

Abubuwan Kallo

A bakin rafuka da fadamu ana samun ɗinya da kanya da ɓaure da giginya da maɗaci da mangwaro, a gonakin tudu kuma ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka. Akwai gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya yi sabo da rani, abin da ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona. A kan ruwan da ba ya gudu akan ga bado, a gefensa kuma kacalla, ciyawar da ke toshe hanyoyin ruwa idan aka bar ta ta yaɗu.

Daga cikin tsuntsaye akwai belbela da ke bin shanu, da zalɓe da ke tsayawa shiru a bakin ruwa yana jiran kifi, da kirinjijiya da ke tashi garke-garke, da shirwa da hasbiya. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta a matsayin albishir. Daga Oktoba zuwa Maris kuma ana ganin baƙin tsuntsayen da ke ƙetaro hamadar Sahara daga Turai domin gujewa sanyin can. Da safe masunta sukan fito da tarwaɗa da karfasa, kuma ana iya saye a hannunsu a bakin ruwa.

Kiyaye Lafiya

Ruwan da ke da daɗin kallo ba lallai ne ya dace da shiga ba. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila sun gudanar da dogon bincike a yankin Malumfashi a kan cututtukan da suka zama ruwan dare, ciki har da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Darussan wannan bincike suna da amfani ga mai tattaki har yau.

Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce ke kawo ta. Tsutsar tana girma ne a jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, sannan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, wanka ko wanki ko tsoma ƙafa ya isa. Don haka kada a bar yara su yi iyo a madatsa ko kududdufi, kuma wanda zai yi alwala ya yi da ruwan da ya zo da shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, domin cutar tana da magani. Game da kurkunu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013, amma wannan bai sa ruwan rafi ya zama na sha ba, saboda akwai kwalara da taifot da kuma maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki.

Macizan da aka fi jin tsoro su ne kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. Kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara, kada kuma a ratsa doguwar ciyawa. Idan sara ya auku, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a garzaya da shi babban asibiti mafi kusa, kamar na Funtua ko na Malumfashi. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a kuma ɗaure shi tamau da igiya. Idan tofin kumurci ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take kafin a tafi asibiti.

Haɗarin nutsewa ma yana nan. Bakin madatsa yana iya zama marar zurfi, taku biyu gaba kuma a faɗa rami. Haka nan masu lambu sukan haƙa rijiyoyi a cikin yashin rafi, masu ɗibar yashi kuma sukan bar ramuka, wani lokaci gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa takan rufta da wanda ya tsaya a bakinta.

Batun Tsaro

Wajibi ne a faɗi wannan a fili. Sassa da dama na wannan shiyya sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da satar shanu, musamman ƙananan hukumomin da ke iyaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, irin su Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kimanin mako guda. Hare-haren sun taɓa ƙauyuka a Funtua da Bakori da Ƙafur da Malumfashi, har da yankin Mairuwa. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar domin ta taimaka wa sojoji da 'yan sanda.

Halin tsaro yakan sauya daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma daga wata zuwa wata. Saboda haka ana jan hankalin jama'a da su kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. A tambayi mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaron wurin a ranar da za a fita, kada a dogara da labarin makon jiya. Idan suka ce a dakata, a dakata.
2. A tafi a ƙungiya, tare da ɗan gari wanda aka sani.
3. A tsaya inda ake ganin gari ko babban titi ko manoma suna aiki. Kada a shiga daji.
4. A fita da rana, a dawo kafin magariba, a kuma sanar da na gida inda aka nufa da lokacin dawowa.
5. Makarantar da za ta fita da ɗalibai ta nemi izinin hukumar ilmi da amincewar iyaye, ta kuma sanar da jami'an tsaro.
6. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Ladubban Baƙo

Wanda ya iso ƙauye ya fara da gaida mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi, domin a wannan zamani baƙuwar fuska da ke zagaya gonaki ba bayani tana tayar da hankalin mutane. A bakin madatsa kuma a nemi sarkin ruwa. Idan an tarar da mai lambu a yi masa sallama da sannu da aiki, dattijo a ce masa Baba ko Malam, a nemi izini kafin a ratsa. Kada a taka fangali ko a tsallake bututun ban ruwa da ganganci, kada kuma a tsinki ko da tumatir ɗaya sai an ba da. Idan garke ya taho a burtali ko ya nufi mashaya, a koma gefe a ba shi hanya. Ba a ɗaukar hoton mutane sai da yardarsu, kuma wurin da mata ke wanki ko ɗibar ruwa a kauce masa. Leda da robar ruwa a koma da su gida, saboda dabba na iya haɗiye su ta mutu. Da rani kuma kada a kunna wuta ko a jefar da guntun taba kusa da busasshiyar ciyawa.

Kammalawa

Rafuka da fadamu da madatsun ruwan Funtua da Malumfashi dukiya ce ta al'ummar Jihar Katsina, kuma abin da aka zuba a cikinsu yana isa ga mutanen Gusau da Sakkwato da Kaduna da Haɗeja. Ana kira ga jama'a da su ci moriyar waɗannan wurare ta hanyar da ba za ta cutar da su ko masu noma da kiwo da su a wurin ba, tare da bin shawarar shugabannin gargajiya da jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya. Masu neman ƙarin bayani suna iya tuntuɓar sashen watsa labarai na sakatariyar ƙaramar hukumar da suke son ziyarta, ko fadar hakimin yankin. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.